Asusun lafiyar ƙanena na Amurka zai iya biyan aikin idon mahaifiyarmu?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu tana jiran aikin yanar ido a nan Kaduna. Ƙanena da ke aiki a Amurka yana da asusun ajiya na lafiya da suke kira HSA, kuɗi sun taru a ciki, amma ya ce ba zai iya taɓa su dominta ba. Ban zarge shi da rowa ba, dalili nake son fahimta.

Malamar Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Gaskiya ya faɗa maka, malam. Dokar da Shugaba Bush ya sa wa hannu a 2003 ce ta kawo asusun, kuma ba mai buɗe shi sai wanda inshorarsa ta ɗora masa biyan kaso mai kauri daga aljihunsa kafin kamfani ya fara biya, kason da a 2025 bai gaza dala 1,650 ba ga mutum ɗaya. A madadin haka ba a karɓar haraji kan abin da ya zuba, har dala 4,300 a 2025, ko 8,550 idan inshorar ta iyali ce. Sharaɗin shi ne kuɗin su tafi ga jinyarsa, ko ta matarsa, ko ta wanda dokar haraji ta yarda yana ƙarƙashinsa, kuma wannan sai ɗan ƙasar ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Uwar da ke zaune a Kaduna ba ta cikin sahun.

Akawun Kakuri:
Kuɗin dai nasa ne, ba a kulle suke ba. Idan ya cire don wani abu dabam kafin ya cika shekara 65, zai biya haraji da tarar kashi 20 cikin ɗari, wato a dala 1,000 tara kaɗai ta ci 200. Da ni ne, daga albashi zan turo, tunda abin da ke asusun ba ya ƙonewa a ƙarshen shekara, ko wurin aiki ya sauya yana nan.

Malamar Unguwar Rimi:
Akwai wata kafa. Idan tun bayan buɗe asusun ya taɓa biyan kuɗin asibiti ko na magani daga aljihunsa, bai kuma mayar wa kansa ba, yana iya cire daidai wannan adadin yanzu ba haraji ba tara, muddin rasit ɗin na hannunsa, daga nan ya aiko.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Bara matarsa ta haihu, zan tambaye shi yau da dare ko ya adana takardun asibitin.