Ko jirgin sojin sama zai iya ɗaukar majinyaci farar hula daga Legas?

Baban Khadija, Agege

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san aikin soja ko aikin asibiti a cikinmu. Mu da ke zaune tsakanin Agege da Ikeja mun saba ganin jiragen sojin sama suna tashi da sauka, musamman babban nan mai farfela huɗu da ake dakon kaya da shi. Wani ɗan ƙanena da ke aiki a Italiya ya shaida mini cewa a can, idan jariri ya kamu da ciwon da sai babban asibiti, kamar daga tsibirin Sardiniya zuwa Roma ko Jenowa, jirgin soja ne ke ɗaukarsa ko da tsakar dare ne, kuma ba sai iyayensa sun san wani babba ba.

Shin akwai irin wannan tsari a Najeriya? Abin da ya sa nake tambaya shi ne 'yan'uwanmu direbobi da yaran mota masu kawo tumatir da albasa Mile 12, da masu kawo shanu Kara da mayankar Oko-Oba, sukan yi mummunan hatsari a hanya, kuma kowa ya san yadda cunkoson hanyar Ibadan yake idan ya tsaya. Idan mutum ya ji irin wannan rauni, akwai wanda za a kira ya turo jirgi? Kuma idan dangi suna son a mayar da shi Kano ko Sakkwato ya yi jinya kusa da su, soja za su iya taimakawa?

Tsohon Soja, Oshodi

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi aiki a rundunar sojin sama kafin na yi ritaya, don haka bari in faɗi abin da na sani ta ɓangarenmu.

Jirgin da kake gani shi ne C-130 Hercules, ƙirar Amurka, wanda Najeriya ta fara mallaka a 1975, kuma gidansa yana nan Ikeja. Idan aka cire kujerun cikinsa aka kafa sigogi, yana iya ɗaukar gadajen majinyata har 74, hawa-hawa. Saboda haka batun ko jirgin soja zai iya wannan aiki ba abin tantama ba ne, domin yana cikin abin da aka ƙera shi dominsa. Sojojin da suka ji rauni a Arewa maso Gabas da jirage masu saukar ungulu ake kwaso su daga fagen daga zuwa Maiduguri, waɗanda rauninsu ya yi tsanani kuma a wuce da su manyan asibitocin soja irin su na 44 da ke Kaduna. Wannan ɗabi'a ta fara yaɗuwa ne tun yaƙin Koriya na farkon shekarun 1950, lokacin da Amurkawa suka riƙa ɗaure gadon majinyaci a gefen ƙaramin helikwafta, ta kuma kankama a yaƙin Biyetnam.

Amma fa jirgin soja ba ya tashi don wani ya buga waya. Kowane tashi sai da umarni daga sama, kuma umarnin yana bin matakai har zuwa hedkwatar runduna a Abuja. Lambobin 112 da 767 da ake kira a Legas na cibiyar agajin gaggawa ta jiha ne, wadda ke turo motocin asibiti na LASAMBUS ko ma'aikatan LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta jihar. Ba su da iko a kan jirgin soja. Inda soja ke shiga harkar farar hula shi ne idan bala'i ya auku, kamar ambaliya ko annoba, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ko wata ma'aikatar gwamnati ta nemi taimako a hukumance. Mun ga haka a watan Maris na 2020, lokacin da aka rufe filayen jiragen sama saboda korona, sojin sama suka kwashi kayan asibitin da gidauniyar Jack Ma ta bayar daga Legas zuwa Abuja, daga baya kuma suka riƙa rarraba iskar oksijin daga masana'antarsu ta Yola zuwa cibiyoyin killace masu cutar.

Abin da ɗanka ya faɗa game da Italiya gaskiya ne, kuma sirrinsa ba yawan jirage ba ne. Sun ware jirage ƙirar Falcon a sansanin Ciampino kusa da Roma, da matuƙa masu jiran kira dare da rana. Asibiti ne ke sanar da wakilin gwamnatin tsakiya na lardin, shi kuma ya miƙa buƙatar ga ɗakin kula da ayyuka na sojin sama, sai a ba da umarni. Idan majinyacin ba zai rabu da na'urorinsa ba, sukan tura C-130 daga Pisa, motar asibitin ta shige cikinsa gaba ɗaya da majinyacin a ciki. Kowa a cikin wannan jeri ya san aikinsa tun kafin ranar ta zo, shi ya sa ba a buƙatar sanayya.

Maman Sadik, Idi-Araba

Na gode wa Baba da wannan bayani. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so in ja hankalin Malam ga wani ɓangaren da ake yawan mantawa da shi, wato ko majinyacin kansa zai iya jure tafiyar.

Iskar da ke cikin jirgi idan ya lula sama ba daidai take da ta ƙasa ba. Ko a jiragen da ake matse iskarsu, yanayin cikin yakan kai kamar mutum yana kan tsauni mai tsayin kusan mita 2,400. Wannan yana jawo abu biyu. Na farko, oksijin da ke shiga jini yana raguwa, abin da lafiyayye ba zai ma lura da shi ba, amma wanda ya zubar da jini mai yawa, ko mai ciwon zuciya, ko mai sikila, yana iya shiga mawuyacin hali. Na biyu, duk iskar da ta maƙale a cikin jiki tana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku. Direban da sitiyari ya daki ƙirjinsa, haƙarƙari ya huda huhu, iska ta taru a kewayensa, idan aka ɗora shi a jirgi ba tare da an sa masa robar da ke fitar da iskar ba, huhun na iya danƙarewa a sama, inda babu ɗakin tiyata. Haka ma wanda ƙoƙon kansa ya fashe, ko wanda aka yi wa aikin ciki ko na ido kwanan nan. Ga kuma ƙarar injin, wadda a jirgin dakon kaya ko helikwafta ba ta barin likita ya ji bugun zuciya da abin sauraro, sai dai ya dogara da na'ura.

Don haka ƙa'idar aikinmu ita ce a daidaita majinyaci kafin a motsa shi: a tsayar da jini, a buɗe hanyar numfashi, a ɗaure karaya, a yi ƙarin ruwa ko jini. Sannan sai an tabbatar asibitin da za a kai shi ya amince kuma ya ware gado, da mota a wannan filin jirgi da wata a wancan. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, saurin jirgin ya tashi a banza. A lokacin korona, da Faransa ta kwashe majinyata shida daga Mulhouse zuwa Marseille da Toulon ranar 18 ga Maris 2020, jirgin A330 na soja da ta yi amfani da shi sai da aka mayar da cikinsa kamar ɗakin kula da masu matsanancin ciwo, da na'urorin numfashi da likitocinsu. Jirgi mai girman gaske, amma mutum shida kawai ya ɗauka, saboda kayan da kowannensu ke buƙata.

Game da mayar da mai rauni gida kuwa, Malam, a nan zan ɗan yi magana ba tare da kwana-kwana ba. Legas tana da asibitocin koyarwa na LUTH a nan unguwarmu da LASUTH a Ikeja, da asibitin ƙashi na Igbobi, da sashen ƙuna da raunuka na Gbagada, da cibiyar kula da masu hatsari da ke tsohon Toll Gate, a bakin hanyar da kake magana a kanta. Wanda ya yi hatsari a kusa da Legas ya riga ya faɗo kusa da magani. Abin da nake gani yana cutar da mutanenmu shi ne dangi su sa hannu su cire majinyaci tun bai farfaɗo ba, su shimfiɗa shi a bayan mota, su kama hanyar da ta kai kilomita dubu zuwa wurin mai ɗori. Na fahimci dalilin, domin jinya a baƙon wuri tana da tsada kuma tana da kaɗaici, amma mai karayar gadon baya ko ƙugu ba ya jure wannan jijjiga.

Ɗan Alaba Rago

Hajiya, maganarki gaskiya ce, amma ni ban yarda a bar soja su wuce haka nan ba. Da kuɗin talaka aka sayi jiragen, da kuɗinsa ake zuba musu mai. Idan wani babba ya yi tuntuɓe, nan da nan za ka ji an tashi jirgi. Me zai hana a ware ko da helikwafta ɗaya a Ikeja, ko a sansanin sojin ruwa na Ojo, domin hatsarin hanya da mutanen ƙauyukan cikin ruwa na wajen Badagry da Epe, inda mace mai naƙuda sai ta jira kwalekwale? Daga Kara zuwa Ikeja mintuna kaɗan ne ta sama, amma ranar da tanka ta faɗi a doguwar gadar nan mota takan shafe awoyi ba ta motsa ba.

Tsohon Soja, Oshodi

Ɗana, ban ƙi ta taka ba, kuma a kan mutanen cikin ruwa ina tare da kai ɗari bisa ɗari, domin a nan ne helikwafta ke da amfanin da babu abin da zai maye gurbinsa. Sai dai ka sani jirgi ɗaya ba ya tsayar da irin wannan aiki. Helikwafta yana da awoyin tashi da idan ya cika su dole a kwantar da shi a duba, ko yana da lafiya ko ba shi da ita, saboda haka kafin a ce kullum akwai ɗaya a shirye sai an tanadi biyu ko uku, da rukunin matuƙa masu karɓa-karɓa, da likitocin da aka horar da su aiki a sama. Waɗannan jiragen kuma su ne ake rububinsu a Borno da Zamfara da Neja.

Sai batun sauka. Helikwafta yana son fili shimfiɗaɗɗe wanda babu wayoyin lantarki ko dogayen ƙarafan sadarwa a kusa da shi, kuma iskar farfelarsa tana ɗaga kwano da leda da duk wani abu maras nauyi. Ka duba yadda jama'a ke yin dafifi a wurin hatsari a garin nan, ka gaya mini wa zai kore su kafin jirgi ya sauko. Da daddare ko lokacin ruwan sama mai iska, ko hazon hunturu idan ya sauko, abin ya fi haka wuya. Mu da muke aiki lokacin da C-130 ya faɗi a fadamar Ejigbo ranar 26 ga Satumba 1992, jim kaɗan bayan tashinsa daga Ikeja, ya hallaka fiye da mutum 150, ba ma ɗaukar tashin jirgi a matsayin abu mai sauƙi.

A ra'ayina, abin da ya kamata shugabannin al'ummarmu da 'yan majalisa su matsa a kai shi ne rubutacciyar yarjejeniya tsakanin ma'aikatar lafiya da rundunar sojin sama, wadda za ta fayyace irin ciwon da ya cancanci jirgi, likitan da ke da ikon nema, ofishin da zai amsa, da wanda zai biya kuɗin mai. Muddin babu wannan a rubuce, duk taimakon da za a yi zai zama alfarma, kuma alfarma mai sanayya take bi, kamar yadda ka faɗa.

Baban Khadija, Agege

Allah ya saka da alheri, Baba da Hajiya. To a halin da ake ciki, idan aka bugo mini waya cewa yaron motarmu ya yi hatsari a wajen Berger ko Ojota, mene ne zan yi da farko? Kuma idan aka ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa shi fa?

Maman Sadik, Idi-Araba

Malam, ka kira 112 ko 767, ka faɗi wurin da wata alama da kowa ya sani, da adadin waɗanda suka ji rauni, da ko akwai wanda ya maƙale a cikin mota. Idan hatsarin ya wuce iyakar Legas zuwa cikin Ogun, ka haɗa da lambar hukumar kiyaye haɗurra, 122. Ka ce wa waɗanda ke wurin su danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta, kada su ba shi ruwa ko abinci domin ana iya yi masa tiyata, kuma kada su naɗe shi su cusa a Keke idan yana kukan wuya ko baya ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa. Idan dole sai an ɗaga shi, a sa shi a kan katako ko ƙyaure, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya juya.

Batun kuɗi kuwa, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa, kowane irin dalili ne kuwa. Ka ambaci wannan cikin ladabi, ka nemi ganin babban likitan da ke kan aiki. Idan ya farfaɗo kuma dangi suka nace a kan mayar da shi Arewa, ku bari likitansa ya ce ya isa tafiya, ya rubuta takardar tura shi, a kuma yi magana da asibitin Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala kafin ku tashi. Mai iya zama a kujera yana iya bin jirgin fasinja da takardar shaidar likita, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi zuwa Kano.