"Tafiya sannu sannu kwana nesa": ta dace da mai gudu kuwa?

Malamin Motsa Jiki: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata ina so ku taya ni warwarewa. Hausawa na cewa "tafiya sannu sannu kwana nesa". To za a iya ɗora ta a kan mutumin da ya yi rayuwarsa yana gudu? Ted Corbitt nake nufi, baƙar fata na farko da ya wakilci Amurka a gudun fanfalaki na gasar Olamfik, a Helsinki a 1952. An haife shi a 1919 a gonar auduga a jihar South Carolina, ya rasu a 2007 yana da shekara 88. Bai taɓa shiga gudun fanfalaki ba sai da ya kai 32, a Boston a 1951, ya zo na 15. A Helsinki kuwa na 44 ya zo. Amma da aka zo lissafi, tsere 223 ya kammala, na kilomita 42 da waɗanda suka fi haka nisa. Ni a ganina karin maganar nan tamkar don shi aka yi ta. Me kuka gani?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa, ban yarda ba. Mutumin da ya cinye kilomita 42 cikin awa 2 da minti 26, kamar yadda ya yi a 1958, ina sannu a nan? Akwai makonnin da yake haɗa mil 200 yana atisaye, wato sama da kilomita 320. Da safe ya fito daga gidansa a unguwar Bronx da gudu ya tafi wurin aiki a Manhattan, duk a birnin New York, kuma ba ta gajeriyar hanya ba, sai ya yi zagaye da gangan don nisan ya ƙaru. Wadda ta dace da shi ita ce "kowa ya ci zomo ya ci gudu". Gumi ya zuba, ya ga sakamako.

Baba na Damagaram: Ɗana na Kwari, ka kawo magana mai kyau, amma ka ɗauki sannu a matsayin nawa, alhali ba ɗaya ba ne. Nawa aibi ce. Shi ya sa ake cewa "sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba", wutsiyar nan gargaɗi ce ga mai jan ƙafa. Sannun da ke cikin wadda Malam ya kawo kuwa, ni a fahimtata sannun fatake ce. Ayarin da zai je Gwanja sayen goro, madugu ba ya barin a kori jakuna da safe don rana ba ta yi zafi ba. Ya san inda zango yake, ya san ƙarfin dabbobinsa, sai ya auna tafiyar yadda za a isa yau kuma a iya tashi gobe. Wanda ya yi gaggawa jakinsa ya durƙushe, a kusa zai kwana. Saboda haka sannu a nan ita ce ka san tafiyar da za ka iya riƙewa ba tare da ta yanke ba. Mai gudu ma yana da tasa sannun.

Malamin Motsa Jiki: Allah ya ƙara girma Baba, ka faɗi abin da na kasa faɗa. Duk shekara ina ganin wannan a tseren makarantarmu. Da an busa usur sai yara su fice kamar an biyo su, kafin a kai kwanar masallacin bayan makaranta rabinsu sun dafe ciki suna haki a gindin darbejiya. Akwai wani siririn yaro da kullum a baya yake farawa, takunsa ɗaya, numfashinsa ɗaya, sai ka ga yana wuce su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ƙara sauri ba. Shi ma fa gudu yake yi.

Ɗan Kwari: Na karɓi bambancin nawa da sannu, Baba. Amma ga inda hankalina bai kwanta ba. Mu idan muka ce wa mutum "bi a sannu", sau da yawa haƙuri muke ba shi, wato ya yi shiru ya jira. Mutumin nan a zamanin wariyar launin fata ya taso. Yana jami'ar Cincinnati akwai gasannin da aka hana shi shiga don fatarsa kawai. A New York 'yan sanda sun sha tare shi a titi, don ganin baƙar fata yana gudu ya ishe su zargi. Ina tsoron in muka yi masa wannan kirari, yara su fahimci cewa darasin shi ne a zalunce ka ka sunkuyar da kai.

Hajiyar Kawo: Ƙanena, tsoronka yana kan hanya, kuma na ji daɗi da ka faɗa. Sai dai ka duba abin da ya yi da haƙurin nasa. Ya shiga ƙungiyar New York Pioneer Club, wadda aka kafa a Harlem a 1936, ƙungiyar da ke karɓar kowa, baƙi da fari, a lokacin da manyan ƙungiyoyin wasanni ke rufe ƙofa. A 1954 ya zama zakaran Amurka a gudun fanfalaki. A 1958 shi ne shugaban farko na ƙungiyar New York Road Runners, wadda yau ita ke shirya babban tseren birnin New York. Wanda aka hana shiga gasa ya wayi gari yana cikin masu tsara gasar. Wannan ba sunkuyar da kai ba ne.

Ni kuma abin da ya fi taɓa ni a labarinsa ba gudun ba ne. Sana'arsa gashi ce, likitan gashin ƙashi ne, ya yi karatun a jami'ar New York, ya shafe sama da shekara 40 yana aiki a wata cibiyar kula da naƙasassu a Manhattan. Duk wanda ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san mene ne wannan aiki. Lokacin da abin ya sami mahaifiyata, mai gashin kan zo ya riƙe ta ta tashi daga bakin gado zuwa ƙofar ɗaki, ta zauna a kujera ta huta, su dawo. Washegari haka. Mu muna ganin kamar ba a ci gaba, shi kuwa yana lura da cewa yau diddigenta ya taɓa ƙasa sosai, jiya bai taɓa ba. Ranar da ta fita tsakar gida da sanda ta yi alwala da kanta, kuka na yi. Mutumin da ya yi shekaru yana wannan aiki da rana, sannan ya yi gudu safe da yamma, ba sai an koya masa ma'anar sannu ba.

Baba na Damagaram: Allah ya ƙara wa Hajiya babba lafiya.

Hajiyar Kawo: Amin Baba, na gode.

Mai Keke: Ni zan shigo ta ɓangaren "nesa", don kowa ya tsaya a kan "sannu". Wa ya san nisan da aka yi in ba a auna ba? A da a Amurka da mota ake auna hanyar tsere, a duba mitar mota a ce ya kai. Sau da yawa hanyar ba ta cika ba, mutum ya yi ta murnar ya kafa tarihi alhali an rage masa tafiya. Corbitt ne ya tsaya a kan gyara wannan. Ya ɗauko dabarar da John Jewell na Ingila ya yi aiki a kanta, ya rubuta ƙasida a 1964, ya yaɗa ta. Yadda ake yi: a sami miƙaƙƙiyar hanya a auna ta da tef na ƙarfe, a hau keke mai na'urar ƙirga juyin taya a bi ta, a san juyi nawa ne ke ba da kilomita ɗaya. Sannan a bi hanyar tseren da keken, ta mafi gajeren layin da mai gudu zai iya bi. In an gama a koma a sake gwada keken, don zafin rana na canza iskar taya. Aiki ne na mai natsuwa, ba tafi ba kyauta. Har yau da wannan dabara ake tantance manyan tsere a duniya.

Ɗan Kwari: Wannan ban san shi ba, Yaya Mai Keke, na ƙaru. Amma har yanzu ina riƙe da zomona. Yana da shekara 50 ya yi mil 100 cikin awa 13 da rabi. A 1973, yana 54, ya yi gudun awa 24 a Ingila ya haɗa kusan kilomita 217, ya kusa nisan Kano zuwa Kaduna. Sau biyar yana shiga tseren Landan zuwa Brighton. Irin wannan ai sai da naci da cin wuya.

Baba na Damagaram: Ba wanda ya ƙwace maka zomo, ɗana. Taka ta yi bayanin ƙuruciyarsa da ƙarfinsa. Amma zomo ana kama shi ne a ci a gama. Ka tambayi kanka me ya faru bayan gudun ya ƙare. Wajen 1974 asma ta kama shi, ta raba shi da gasa irin ta da. A nan taka karin maganar ta tsaya, don babu sauran gudun da zai ci. Shi kuwa bai zauna ba, ya koma tafiya da ƙafa. A 2001, yana da shekara 82, ya shiga tseren kwana shida ya taka mil 303, kusan kilomita 488. Tsoho ne fa kamata, har ya girme ni. Wace karin magana za ka ɗora a kan waɗannan kwana shida?

Ɗan Kwari: A kan waɗannan kam na sallama, Baba, ta Malam ce. Amma na shekarun Boston da Helsinki ina nan a kan tawa.

Hajiyar Kawo: To ai ba laifi mutum ɗaya ya ɗauki biyu, shekara 88 ta isa.

Malamin Motsa Jiki: Na gode muku duka. Yaya Mai Keke, don Allah ka ƙara min bayani a kan gwada keken nan. Hanyar da yarana ke bi muna ce mata kilomita 5, amma da mitar babur aka auna ta, kuma ina so in tabbatar kafin tseren bana.

Mai Keke: Ba damuwa Malam. Ka fara samo tef na ƙarfe irin na magina da fenti kaɗan, ka nemi miƙaƙƙen titi marar gangara mai tsawon mita 300 ko fiye. Ka yi aikin da sassafe kafin kwalta ta yi zafi. In ka shirya ka yi min magana, zan zo da keken.