Abin da aka tattauna kan amfani da bakteriya wajen maganin cutar shuka

Jama'a ga taƙaitawar shawarwarin da masu nazari da manoma suka bayar, dan gaskiya maganar ta yi tsawo sosai. Farko dai kusan kowa ya yarda amfani da bakteriya wajen maganin cutar shuka yana aiki, bakteriyar Bacillus subtilis tana fitar da sinadarai irin su iturin da fengycin da suke huda fatar ƙwayar fangas har ta mutu, bakteriyar Pseudomonas kuma tana zama a jikin saiwa tana fitar da sinadarin phenazine mai yaƙar fangas, shi ma maganin kasugamycin da ake fesa wa shinkafa ai daga bakteriyar Streptomyces aka samo shi a Japan.

Inda aka fi daɗewa shi ne lokacin fesawa. Wai mutane sai ganye ya gama ƙonewa sannan su nemo magani, alhali waɗannan rigakafi ne, a sa tun wajen jiƙa iri ko kuma da zarar an ga alamar farko, kuma da yamma ko sassafe saboda zafin rana na kashe ƙwayoyin masu rai. A ajiye a wuri mai sanyi, kar a gauraya da maganin da ke da jan ƙarfe a tanki ɗaya.

Wani abu da ni ya fi damuna, abin da ya hana fangas tsiro a faranti cikin ɗakin gwaji ba lallai ya yi haka a gona ba, dan haka a fara gwadawa a kunya biyu uku tukuna. Sannan a dinga canza magani, maganin streptomycin ma (shi ma daga Streptomyces aka samo shi) da aka yi ta fesa wa tuffa a Amurka cutar ta zo ta daina jinsa a gonaki da yawa.