Manhajata ta ƙi buɗewa da kanta idan na shiga kwamfuta

Salamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a taimaka, kwana uku ke nan ina fama. Na rubuta fayil ɗin service na systemd (tsarin da ke tayar da manhajoji a Linux) a ~/.config/systemd/user/ domin manhajar ajiye kalmomin sirrina ta riƙa buɗewa da zarar na shiga. Da na sa WantedBy=default.target a fayil ɗin (target shi ne matakin da za a tayar da manhajar), tana riga allo tashi, journalctl --user (umarnin duba rahoton abin da ya faru) ya nuna ba ta samu WAYLAND_DISPLAY (bayanin da ke nuna mata allon da za ta buɗe a kai) ba, sai ta mutu. Na mayar da shi graphical-session.target, shiru kake ji, ashe a Sway ɗina (manhajar da ke tsara tagogin allo) wannan target ɗin ko motsi ba ya yi. Amma in na buga systemctl --user import-environment (umarnin da ke miƙa wa systemd irin wannan bayanin na allo) sannan na tayar da ita da hannu, lafiya lau take buɗewa. A ina zan sa wannan umarnin ya gudana kafin manhajar?