Bindiga marar nauyi ce ta fi? Muhawarar zauren maharba

Injiniya Nura: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na sauka Kano jiya, ina Gwammaja wajen Hajiya har bayan Sallah. Can Albata ta Kanada inda nake aiki na samu lasisin riƙe bindiga da na farauta, yanzu ina tara kuɗin bindigar kirki guda ɗaya. Idona yana kan Kimber Mountain Ascent ta Amurka mai kusan kilo 2.2, da Sako 85 Carbonlight ta Finlan mai kilo 2.4. Ni dai a ganina wadda ta fi rashin nauyi ita ce ta fi kyau, ko nawa za ta ci. Awa goma kana saɓe da ita a kan dutse, harbin kuwa daƙiƙa ɗaya ne.

Baba Ɗanladi: Wa'alaikumus salam, sannu da hanya ɗana. Ban yarda ba. Daƙiƙar nan ɗaya ita ta fitar da kai daga gida. Shekara arba'in na yi ina saɓa bindigar toka kafin na riƙi mai baki biyu, kuma abin da hannuna ya sani shi ne bindiga mai ɗan nauyi tana kwanciya a kafaɗa. Marar nauyi bin numfashinka take yi. Ka hau tudu kana haki, ka ɗaga ta, sai ka ga bakinta yana rawa kamar kara a iska.

Sagir Fagge: Baba, a gafarce ni, amma ina bayan Yaya Nura. Ku dajinku shimfiɗe yake, gada da zomo da makwarwa kuke bi a tsakanin gonaki. Ni na taɓa hawa duwatsun Riruwai da jakar ruwa kawai, kafin azahar ƙafata ta ƙi. Duwatsun Roki na Kanada da zai hau sun ninka waɗannan nesa ba kusa ba, ga ƙanƙara. Wanda ya iso gajiye ai shi ma hannunsa rawa zai yi.

Malam Auwalu: Bari in sa baki da abin da nake koya wa ɗalibai. Harsashi in ya fita gaba, bindiga baya take komawa, kuma nauyinta ne ke shanye wannan turin. In harsashi ɗaya ne, ka rage nauyin bindiga daga kilo 4 zuwa kilo 2, ƙarfin dukan da kafaɗa ke sha ya ninka biyu. Lissafi ne, ba ra'ayi ba.

Illar ba ta tsaya a ciwon kafaɗa ba. Jiki yana haddace duka. Bayan an naushe ka sau ashirin a wajen gwaji, sai ka fara runtse ido kana noƙe kafaɗa tun kafin ka gama jan kunama, kai ba ka ma sani ba. Daga nan harsashi ya fara kauce wa wuri. Sannan bututun irin waɗannan bindigogi siriri ne, ta nan ake rage nauyin, shi ya sa yake saurin zafi. Harbi uku ko huɗu a jere, sai ramukan da ke jikin takarda su fara nisa da juna.

Injiniya Nura: Malam, ai Kimber tana zuwa da wani ƙarfe mai huji-huji a baki wanda ke rage dukan. Kuma wa ke harbi huɗu a jere a kan dabba?

Malam Auwalu: Yana ragewa ƙwarai, amma ƙarar ta koma kunnenka da na wanda ke gefenka. Maganar harbi huɗu kuwa, a wajen gwaji ake yin su, kuma bindigar da ba ka jin daɗin gwadawa ba za ka ƙware da ita ba.

Baba Ɗanladi: Nan nake son ku tsaya. Tun ina saurayi na harbi barewa a cinya saboda gaggawa, na bi jininta har duhu ya rufe ban same ta ba. Washegari ungulaye suka nuna mini inda ta faɗi. Har yau abin yana raina. Annabi (SAW) ya umarce mu da kyautata kisa da yanka. Dabbar da za ta kwana tana shan azaba saboda na ji ƙyashin ɗaukar kilo ɗaya, wallahi ba na son haƙƙinta.

Sagir Fagge: Allah ya yafe mana Baba. Amma gaggawa ce ta jawo wannan, ku da kanku kuka faɗa, ba rashin nauyi ba.

Baba Ɗanladi: Haka ne. To mai gaggawa da bindiga mai rawa fa, ina za a kwana?

Barista Aminu: Kafin a ci gaba, akwai yara a zauren nan da ke karantawa suna sha'awa. Wannan ciniki na Kanada ne, can za ta zauna. A nan dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Bindigar toka kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Ta farauta, Sufeto Janar. Sai waɗanda aka haramta in ba da izinin shugaban ƙasa ba, cikinsu har da bindigogin soja masu harsashi 7.62 da .303. Kuma a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Nura, ko da wasa kada ka yi tunanin sako ta a kaya, musamman in mai harsashin .308 ka zaɓa, don ɗan'uwan 7.62 na sojojin NATO ne. Falgore ma da wasu ke ambata in ana maganar wurin farauta, dajin gwamnati ne mai kariya.

Injiniya Nura: Na ji Yaya Barista, ba za ta taɓa ƙetare ruwa ba. Dama .308 ɗin nake tunani.

Malam Auwalu: To ga tsaka-tsaki. In ka nace sai marar nauyi, sauko da harsashin: 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007 ya fi .308 sauƙin duka. In kuma .308 kake so saboda manyan dabbobin can, duba Tikka T3x Lite. Kamfanin Sako ne ke ƙera ta, nauyinta wajen kilo 3, kuɗinta bai kai rabin na Carbonlight ba. Ragowar ka sa a madubin hange mai kyau da harsashin gwaji. Madubin ma zai ƙara kusan rabin kilo, ka lissafa da shi.

Sagir Fagge: Ni har yanzu ina kan bakana. Mai hawa dutse ya sayi ta dutse.

Baba Ɗanladi: Ɗana, sau nawa a shekara za ka hau dutsen nan?

Injiniya Nura: Gaskiya Baba, mako ɗaya, ko biyu in an ba ni hutu. Sauran a filin gonaki ne da bakin kurmi. Akwai abokin aikina mai Tikka, wani kuma yana da Kimber. In na koma zan roƙe su mu je wajen gwaji, in yi gudu har in yi haki, sannan in harba kowacce sau uku a mita 100, a tsaye da kuma a durƙushe. Zan turo muku hoton takardun.

Baba Ɗanladi: Ka turo. Kuma ka biyo ta Ƙofar Mazugal kafin ka tafi, ka ɗaga tawa ka ji yadda take zama. Ka gaida Hajiya.