Wai Alƙahira ce ta fara taragon lantarki a Afirka?

Ɗan Azhar: Abin haushi ne, kullum a yabi Turai! Alƙahira ce farko a Afirka. Ranar 12 ga Agusta 1896 taragon lantarki, wato abin hawan da ke bin dogo a titunan cikin gari, ya taso daga dandalin Ataba, kamfanin 'yan Beljiyam ne ya shimfiɗa layin, faɗinsa mita ɗaya.

Injiniya: Malam, gyara kalamanka. Tarago jan sa ake yi. Irin wannan kuwa injinansa na ƙarƙashinsa, kusa da ƙafafu. Sanda ce a rufinsa mai 'yar ƙafa a kai, tana gogar wayar sama tana ɗebo wuta, wutar ta koma tasha ta cikin dogo.

Ɗan Layin Dogo: Injiniya, to mu ce masa me, jirgi? Ai akan ɗaura masa wani a baya marar inji. Shi wannan fa?

Injiniya: Shi ne taragon. Na gaba ba tarago ba ne.

Hajiya Babba: Ku dai duba, Cape Town ta fara nata ranar 6 ga Agusta 1896. Kwana shida ta riga Alƙahira.

Ɗan Layin Dogo: Injiniya, tunda ka kawo maganar dogo, nan matsalar take. In mahaɗar ƙarfe biyu ba a ɗaure ta da wayar tagulla ba, wuta sai ta sulale cikin ƙasa ta bi bututun ruwa, ta cinye shi a daidai inda take fita. Sandar nan kuma, in direba ya sha kwana da gudu, sai ta goce daga waya, komai ya tsaya cak har kwandasta ya sauko ya ja igiya ya mayar.

Ɗan Ikko: Legas ma ta yi nata daga 1902 zuwa 1933, ta kan gadar Carter.

Injiniya: Na tururi ne, ɗan'uwa, ba na lantarki ba. Amma ka ga, naku ne taragon gaske, tunda kan jirgi ke ja.

Ɗan Ikko: "Naku"? Kai daga ina kake?

Hajiya Babba: Ba wanda ya tanka mini fa.

Ɗan Azhar: Na taƙaita: kowa ya yarda Masar ce gaba, saɓanin suna ne kawai ya rage. Hajiya, kwana shida ai ba tazara ba ce.