Taurin Bayan Gida Ga Jarirai: Abin Da Iyaye Mata Suka Ce

Yawancin matan sun yarda cewa jaririn da bai cika wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi, ko ruwa kada a ba shi. Mai shan nono zalla yakan kwana biyar bai yi kashi ba, kuma lafiyarsa ƙalau muddin ya fito da laushi.

In ya wuce wata 6, a dama masa nunanniyar gwanda, a ƙara masa ruwa. A shafa cikinsa a hankali, a motsa ƙafafunsa kamar tuƙin keke.

Wasu sun ambaci zuma da tura sabulu a dubura. Don Allah a bari. Zuma haɗari ce kafin shekara 1. In ciki ya kumbura, ko aka ga amai ko jini, a garzaya asibiti.